Sunan Da Zahara'u Ta Kasa Faɗa

Kwana uku ke nan ruwa bai ɗauke ba a garin Sara. Ba tsawa, ba iska, zuba kawai yake yi kamar an manta da shi, har katangun ƙasa suka sha suka ƙoshi, suka fara zama ɗaya bayan ɗaya. Da hantsin rana ta uku Zahara'u tana durƙushe a tsakar ɗaki da cikinta wata bakwai, tana kwashe ruwa da ƙwarya tana watsawa waje, 'yarta Jannat mai shekara shida tana takure a kan gado, sai suka ji bangon gabas ya yi wani irin nishi. Kafin ta ɗago, mijinta Hambali ya faɗo ɗakin jiƙe sharkaf, ya saɓa yarinyar a kafaɗa, ya finciko hannun matarsa, bai tsaya ba sai da ya kai su gindin darbejiyar ƙofar gida. Nan ya cire zaren da ke wuyansa mai ɗauke da makullin gidan, ya rataya wa Jannat.

"Riƙe mini, uwata, kada ya faɗa ruwa. Bari in ɗauko buhun geron nan, yanzu zan fito."

"Malam, don girman Allah ka bar shi!" Zahara'u ta faɗa tana riƙe gefen rigarsa. "Ka bar geron nan, Malam..."

Ya ce, "In na bar shi me za ku ci?" Ya zame rigarsa ya koma.

Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe a duniya. Ko minti biyu ba a yi ba ɗakin ya rufta gaba ɗaya, ƙura da laka suka tashi a cikin ruwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sai bayan azahar maza suka iya tono shi, rungume da buhun. Gidan kuwa babu abin da ya rage a tsaye sai ƙofar ƙarfe da ginshiƙanta biyu na bulo, ita kaɗai a fili, ba bango a dama, ba bango a hagu. Bara Hambali ya sayar da ɗan maraƙinsa ya yo ta a Birnin Kudu, ya sa mai walda ya lanƙwasa siraran ƙarafa ya rubuta sunansa a samanta. Burinsa duk kaka ya ƙara layin bulo har gidan ya tashi daga na ƙasa. Allah bai nufa ba.

Da yamma aka kwashe waɗanda gidajensu suka rushe zuwa makarantar firamare, da yake ana hutu. Ƙaramar hukuma ta kawo tabarmi da gidan sauro da garin masara, aka zuba mata da yara a azuzuwa uku, maza a baranda. A kusurwar wani aji, ƙarƙashin allo, Zahara'u ta fara takaba. Marainiya ce tun tana ƙarama, a hannun kawunta ta tashi a Unguwar Ya, a gida irin na Fulanin da suka bar yaren amma ba su bar kunyar ba. A yadda aka raine ta, mace ba ta kama sunan mijinta, ko yana raye ko ya mutu. Shekara takwas suna tare bakinta bai taɓa furta shi ba: in ba Malam ba, to maigidan. Ko Jannat ɗin ma alkunya ce, sunan surukarta yarinyar ta ci.

Ran kwana tara aka yi shela cewa ƙaramar hukuma ta ware kuɗi don kada damina ta bar kowa a waje, kuma kwamiti zai bi kango-kango ya rubuta masu gidajen, a ba kowa kwano da katako da siminti da bulo. Wanda aka ɗora ya yi wa kwamitin jagora a unguwarsu shi ne Yahuza, wan marigayin uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin hatsi, mutum mai zaƙin baki da carbi a hannu kullum. Ranar jana'iza ya fi kowa kuka, har sai da aka riƙe shi. Shi ya zo da kansa ya ce Zahara'u ta sako mayafi ta zo ta tsaya a kangon, lalura ce, ba ta ɓata takaba.

Mai rubutun wani malami ne, Kamaluddeen, da biro a kunne da waya a hannu, ga shi a gajiye, gida na saba'in da wani abu ke nan tun safe. Bai ko ɗago sosai ba ya ce, "Sannu da haƙuri, baiwar Allah. Sunan mai gidan?"

Zahara'u ta sunkuyar da kai. Sunan yana nan a ƙirjinta, yana zafi kamar garwashi, amma ga maza sun fi goma a kanta, ga wan mijinta a gefe, ga mutumin ko mako biyu bai yi a ƙasa ba... Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye suka ɓalle.

"Sunan mai gidan nake tambaya, muna da sauran tafiya."

"Haba malam, ai ba za ta iya ba," in ji Yahuza da murya mai taushi. "Kunya ce irin tamu. Rubuta Yahuza Salihu. Gidan gado ne, ni ne babba, iyalin duk a wuyana suke."

Kamaluddeen ya dubi Zahara'u. "Haka ne?"

Me za ta ce? Ta ƙaryata wan mijinta a gaban jama'a? A ranta ma gani take taimakonta ya yi, ya fitar da ita daga kunya. Ta gyaɗa kai. Aka ce mai gida ya tsaya a ɗauki hotonsa, Yahuza ya gyara hula ya tsaya a jikin ƙofar ƙarfen, ya marairaice fuska. Maƙwabta biyu da ke wurin sun san gidan ba na gado ba ne, Hambali da guminsa ya sayi filin, amma suka ɗauka wakilci ne. Ko da ma sun yi zargi, wa zai ja da mutumin da ke nuna wa kwamiti gidan da za a rubuta da wanda za a tsallake? Haka aka wuce gida na gaba, Zahara'u har tana cewa, "Na gode, Yaya, Allah ya bar zumunci."

Wayyo, zumunci! Mako huɗu bayan nan motar kaya ta zo, aka sauke wa kowa rabonsa. Na gidan Hambali a gaban Yahuza aka sauke, ya sa hannu, ya kira magina washegari. Zahara'u tana aji tana jin labari wai gini ya kai taga, wai an ɗora katako, ta riƙa ɗaga hannu tana sa masa albarka. Jannat kuwa kullum sai ta ciro makullin daga cikin rigarta ta goge shi da bakin zani.

"Umma, in an gama ni zan buɗe ko? Baba ni ya ba wa."

"Ke za ki buɗe, in Allah ya yarda."

Hutu ya ƙare. Shugaban makaranta ya zo da kansa yana ba da haƙuri, ya ce ranar Litinin yara za su dawo, kuma duk wanda ke cikin rajista ya karɓi kayansa, sai kowa ya koma ya lallaɓa. Azuzuwa suka watse. Zahara'u ta ƙulle tabarma da tukunya ɗaya, ta kama hannun 'yarta, suka nufi gida. Tun daga nesa ta hango shi: ɗaki biyu na bulo, sabon kwano yana ƙyalli, ƙofar Malam an shafe ta da koren fenti. Sai da ta matso ta ga an liƙa wani falle na ƙarfe a saman ƙofar, daidai inda rubutun yake, an kuma maƙala ƙaton kwaɗo a waje. Yahuza yana zaune a benci, 'yan dako suna jiran ya buɗe su shigar da buhunan riɗi.

Ta durƙusa har ƙasa. "Ina wuni, Yaya. Ga mu mun dawo."

"Kun dawo ina?"

Ta ɗauka wasa ne, har ta yi ɗan murmushi. "Gida mana, Yaya."

"Wane gidan? Ke Zahara'u, ki shiga hankalinki. Wannan sito ne. Sunana ne a takardar hukuma, a gabanki aka rubuta, aka tambaye ki, kika ce haka ne. Ko ba ki ce ba?"

"Na ce... amma Yaya, ai na ɗauka..."

"Ki ɗauka ki ajiye! Ke da kika ci uwarki, kika ci ubanki, kika zo kika cinye mini ƙane, har gidan ma bai tsira ba? Farar ƙafarki ta ishe mu haka. Wallahi ko zaurena ba za ki taka ba, ina da 'ya'ya."

Jannat ta saki hannun uwarta ta ruga jikin ƙofar, ta ɗaga makullin. "Baffa, ga makullin, a wurina yake!" Ya ture ta da gefen ƙafa kamar mai korar akuya, ta zauna daɓas a laka. Ba ta yi kuka ba, kallonsa kawai ta yi. 'Yan dakon suka kawar da kai, ɗayansu ya ce a hankali, "Allah ya isa dai," amma buhun bai ajiye ba.

Maganar farar ƙafa kuwa kafin magariba ta gama unguwa. Mutanen da ruwa ya gama tsorata su, ba wuya su yarda da irin wannan. Gidan da ta yi sallama sai a ce ɗaki ya cika, wata ma ta bi sawunta da tsintsiya. Ta sayar da tukunyar ta yi kuɗin mota zuwa Unguwar Ya. Kawunta ya tsufa, ido ya tafi, gidan yana hannun 'ya'yansa, su ma rabin katangarsu a ƙasa take. Labarin ya riga ta isa. Suka ba ta kwana biyu, a na uku babban ɗan ya kira ta gefe, ya ce shi ba korarta yake ba, amma matarsa ta ce ko ita ko baƙuwar. Ta je inda ake rajistar tallafi a Birnin Kudu, wani dattijo ya saurare ta da tausayi, ya ce, "'Yata, kuɗin da aka ware mana na gidajen da suka rushe a ƙasarmu ne. Naki a ƙasar Gwaram yake, can sunanki ya kamata ya fito." Gaskiya ya faɗa. Sai dai can ɗin ma ba sunanta.

Ta koma Sara, don ta ce ko ba komai ta ƙarasa takabarta kusa da kabarin Malam. Wadda ta tsince ta ita ce Inna Tani, wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin kasuwa, ita ma a ɗakin aro take kwana da jikoki biyar, ba wurin ƙara ko kaza. Ta nuna mata wata rumfar masu tumatir da ba kowa sai ranar kasuwa, ta kewaye mata ita da tsofaffin buhuna.

"Ni farar ƙafa ba ta dame ni ba," in ji tsohuwar. "Tawa baƙa ce ƙirin, me ta tsinana mini? Zauna, 'yar nan. Allah ba ya barci."

A nan suka zauna. Duk ranar kasuwa tun asuba sai su naɗe tabarma su koma gindin bishiya har a watse, su dawo su share ruɓaɓɓen tumatir su shimfiɗa. Zahara'u da tsohon ciki tana yi wa Inna Tani surfen wake, a ba su ƙosai da koko. Ruwan ƙarshen damina ya zo da iska, buhunan ba sa tare komai, ƙasa kullum a jiƙe. Jannat ta fara tari. Da farko kaɗan-kaɗan, daga baya har ƙirjinta yana kuka, jikinta ya yi zafi rau, idanunta suka faɗa. Mai kemis ya ba da abin da kuɗinsu ya kai, ya ce maganin gaskiya shi ne a raba yarinyar nan da sanyi.

Don haka Zahara'u ta haɗiye duk abin da aka yi mata, ta goyi 'yar shekara shida a kan cikin wata tara, ta sake komawa wurin Yahuza. Ta tarar da shi yana awon riɗi. A gaban abokan cinikinsa ta zube.

"Yaya, ban zo don gida ba, na bar maka, duniya da lahira ba zan tada maganar ba. Kusurwa ɗaya nake roƙo a bayan buhuna, inda ruwa ba ya zuba, kwana bakwai kawai, har ta ji sauƙi. Ni in kwana a waje. Jininka ce, Yaya... sunan mahaifiyarka gare ta!"

Ya ɗaga mudu ya share bakinsa da tafin hannu. "In sa mai tari a cikin riɗin mutane? Ki kai ta asibiti, ni ba likita ba ne."

Duk wanda ya ce zuciyar ɗan Adam tsoka ce, bai ga Yahuza ranar ba.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, rana ta fito sosai karon farko a mako guda. Jannat tana kwance a cinyar uwarta, numfashi yana fita da ƙyar, sai ta lalubo zaren wuyanta ta miƙa.

"Umma, riƙe... kada ya faɗi. In Baba ya fito ki ba shi."

"Ke za ki ba shi da kanki. Jannat? Jannat! Inna, zo ki ga, ta yi shiru... Inna!"

Inna Tani ta bar ƙosai a wuta ta rugo, ta duba, ta shafe idanun yarinyar, ta rungume uwar. Kukan da Zahara'u ta yi ranar har masu shaguna sai da suka rufe suka fito. A bayan rumfa aka yi mata wanka, masu kayan miya suka haɗa kuɗin likkafani. Yahuza ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun gaba, har yana karɓar gaisuwa.

Kwana tara tsakani naƙuda ta zo, a rumfar dai, Inna Tani ce ungozoma. Namiji ne, kamar an tsaga kara da ubansa. Ranar suna ba rago, ba taro, limamin kasuwa ne ya zo ya yi huɗuba. Da ya tambayi sunan da ake so, Zahara'u ta ce wa tsohuwar a kunne, "Na Malam." Aka raɗa masa Hambali, ana kiransa Abba. Haihuwar ta sauke mata takaba, amma ba ta sauke mata komai ba bayan wannan. Sanyin asuba ya fara shigowa, ran nan ta ji jaririn ya yi ɗan tari sau biyu. Ta zauna ta zuba masa ido, ta dubi zaren da ta ɗaure a hannunta, ta miƙe.

"Inna, ara mini kuɗin mota. Gwaram za ni."

"Da ɗanyen jego? Ko arba'in ba ki yi ba!"

"Na binne ɗaya, Inna. Ba zan binne biyu ba."

A sakatariya ta wuni a gindin bishiya, ba ta san ƙofar da za ta shiga ba, ga kunya, ga yunwa. Wajen la'asar wata mata mai gilashi ta fito za ta hau mota, ta hango ta, ta dawo. Hajiya Munawwara ce, ta sashen walwalar jama'a, wadda aka ɗora wa bin diddigin tallafin don a tabbatar kowane kaya ya isa inda aka nufa. Ta shigar da ita ofis, ta sa aka kawo mata shayi da burodi, ta ce ta faɗi abin da ke tafe da ita. Zahara'u ta faɗa tun daga ranar ruwa har ranar rumfa. Hajiyar ta cire gilashi ta goge ido, ta aika a kira mai rubutun unguwar. Kamaluddeen ya shigo da rajista, wasu ma'aikata maza uku suka biyo shi don jin abin da ake ciki.

"Ban ƙi maganarki ba, ƙanwata," in ji Hajiya Munawwara, "amma takarda ta ce gidan na Yahuza Salihu ne, kuma an ce kin amsa. In ba nasa ba ne, na wane ne? Sai kin faɗa da bakinki zan iya rubuta ƙorafi."

Ga ta nan dai, tambayar da ta raba ta da gida, ta raba ta da 'ya. Ga maza a tsaye. Zahara'u ta ji harshenta ya yi nauyi kamar ranar farko, hannunta ya kai ga mayafi zai ja... sai Abba ya motsa a bayanta ya yi tari. Ta saki mayafin. Ta ɗago kai ta dubi Kamaluddeen ido cikin ido.

"Hambali," ta ce. "Hambali Salihu. Mijina ne. Hambali ne ya sayi filin, Hambali ne ya gina, Hambali ne ya mutu a ciki! Allah ka yafe mini, Malam ka yafe mini... Da na faɗa tun ranar, da 'yata tana raye!"

Ta kife a kan tebur tana kuka kamar ranta zai fita. Can ta ɗago ta ce sunan ma yana jikin ƙofar, da ƙarfe aka rubuta. Kamaluddeen ya zaro waya, ya yi ta ja har ya kai hotunan ranar. Ga Yahuza da marairaitacciyar fuska, ga kuma daidai saman hularsa, ɓaro-ɓaro: HAMBALI SALIHU SARA. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Innalillahi! A gabana yake, Hajiya. Da hannuna na ɗauka, ban duba ba."

Washegari da safe mota ta tsaya a ƙofar siton, da Hajiya Munawwara, da mai unguwa, da ɗan sanda, da mai walda. Kafin a ce haka unguwa ta cika. Yahuza ya fito yana ja da carbi, yana rantsuwa da duk abin da ya zo bakinsa, wai ƙofar shi ya saya, matar nan baƙin ciki ne ya taɓa mata kai.

"To madalla," in ji Hajiya Munawwara. "Tun da ƙofarka ce, me ya sa ka maƙala mata kwaɗo? Ai tana da nata makullin a jiki, ina ɗan makullin?"

"Ya... ya ɓata a ruwa."

Zahara'u ta matso, ta kwance zaren daga hannunta. Ta zura makullin, ta murɗa. Ƙarar da ya yi ƙarama ce, ƙas, amma har na bayan taro sun ji. Mai walda ya sa guduma ya ɓamɓare fallen ƙarfen, sunan ya fito da sauran tsohon fentinsa. Sai a lokacin bakin maƙwabtan nan biyu ya buɗe, suka shaida cewa a gabansu Hambali ya biya kuɗin filin. Inna Tani ta dube su sama da ƙasa ta ce, "Sannunku da zuwa. Ina kuke ranar da ake wanke yarinya a bayan rumfa?"

A gaban jama'a aka fito da buhunan riɗin aka jibge a titi, aka sa Yahuza a mota. Alƙali ya ɗaure shi shekara biyu saboda yaudarar hukuma da cin dukiyar marayu, ya kuma bayyana cewa tun da marigayin ya bar ɗa namiji, ko tsinke Yahuza ba ya da shi a gadon. Masu riɗin suka janye hulɗarsu, matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidansu saboda gori. Daga gidan yari ya aiko a roƙar masa gafara. Zahara'u ta ce, "Nawa na yafe. Na yarinyar, sai sun haɗu." Ƙaramar hukuma kuwa ta ƙara mata katifa da bargo da abinci, ta kuma kafa doka cewa daga yanzu duk kwamitin da zai fita sai da mace a ciki, ita za ta keɓe da matan gida ta tambaye su, kuma ba mai amsawa a madadin wata.

Ranar da za ta tare, Kamaluddeen da kansa ya kawo sabon fom. Ya tsuguna a bakin ƙofa, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Sunan mai gidan?"

Ta juyo da goyonta gaba, ta gyara masa hula. "Hambali."

Ya rubuta. "Mutum nawa ne a gidan?"

Ta dubi ɗakunan biyu, busassu, masu ɗumi, da kusurwar da ta roƙa kwana bakwai aka hana ta, yanzu ba komai a wurin sai ɓurɓushin riɗi.

"Rubuta biyu," ta ce. "Da ka duba sama ranar nan, da uku za ka rubuta yau."

Biron ya faɗi daga hannunsa, ya rufe fuska da fom ɗin. Ita kuwa ta shiga, ta tura ƙofar Malam, ta murɗa makullin daga ciki. Ta so ta rataya shi a wuya kamar yadda masu shi suka saba, amma Jannat ta riga ta ƙuƙƙulle zaren daidai ɗan kanta, ya ƙi wuce kan uwar. Ba ta kwance ƙullin ba. Ta naɗe shi a hannu, ta zauna a inda ruwa ba ya zuba, ta ba Abba nono tana kuka.